Tsutsar Cikin Kyanwa da Yashin da Yara Ke Wasa a Kai

Da wuya a sami unguwa a Samaru ko Sabon Garin Zariya wadda babu kyanwa a cikinta. Wata tana da gida da mai ita, ana zuba mata sauran tuwo da kan kifi. Wata ta kasuwa ce, tana kwana a bayan buhunan masara, masu rumfuna suna ƙyale ta saboda ɓeraye. Ga kuma muzurai masu bin katangu da dare, waɗanda ba wanda ya san inda suke wuni. Mutanen ƙasar Hausa ba su ɗauki kyanwa yadda suka ɗauki kare ba. Kare a waje yake tsayawa, ita kuwa tana shiga har ƙuryar ɗaki, ta hau tabarma, ta kwanta kusa da jinjiri, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa sauran ruwan da ta sha ba najasa ba ne. Saboda wannan kusanci ne hankalin uwar gida kan tashi ran da ta ga kyanwar gidan ta yi aman wata farar tsutsa mai kama da taliya, ko ta ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa yana motsi a gindin wutsiyarta. Tambayar da ke biyo baya ita ce: ko yaran gidan za su iya ɗauka?

Za su iya, amma ba ta hanyar da akasarin mutane ke zato ba. Shafa kyanwa, ko ɗaukarta, ko gashinta da ya faɗa a tabarma, duk hatsarinsu kaɗan ne. Wurin da ya kamata a sa wa ido shi ne ƙasar da ta binne kashinta a ciki makonni biyu ko uku da suka wuce, bayan kashin ya ruɓe, warinsa ya gushe, kowa ya manta da shi. Wanda ya fahimci dalilin wannan tazara ta makonni ya fahimci kusan dukan darasin.

Tsutsotsin da aka fi samu

Iri uku ne suka fi yawa a hanjin kyanwa. Akwai doguwar farar tsutsa mai jiki mulmulalle, wadda masana ke kira Toxocara cati. Tsawonta kan kai santimita 10, kuma ita ce ake gani a cikin amai. Akwai tsutsa mai ƙugiya, ta dangin Ancylostoma, wadda ba ta fi santimita 1 ba sosai, tana maƙale a jikin hanji tana shan jini. Ita ba a cika ganinta da ido ba. Sa'an nan akwai tsila, mai jiki shimfiɗaɗɗe gaɓa-gaɓa kamar zaren kaset, wadda gaɓoɓinta ke tsinkewa suna fita ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan gaɓoɓi su ne abin nan mai kama da shinkafa.

Ta farkon ita ce ta fi muhimmanci ga lafiyar ɗan'adam, don haka a kanta za a fi tsayawa.

Yadda Toxocara ke rayuwa

Macen tsutsar tana zaune a ƙaramin hanjin kyanwa tana zuba ƙwai dubbai a kowace rana. 'Yar'uwarta ta cikin kare, Toxocara canis, an ƙiyasta tana iya zuba har 200,000 a yini guda. Ƙwan ƙarami ne ƙwarai: faɗinsa wajen milimita 0.07, wato sai an jera 14 kafin su cika milimita 1 a kan rula. Yana da ɓawo mai kauri, mai ƙanana-ƙananan ramuka, mai danƙo, wanda ke sa shi manne wa duk abin da ya taɓa, ko ƙwayar yashi ce, ko ganyen latas, ko ƙarƙashin farcen yaro.

Ran da ƙwan ya fito cikin kashi bai iya cutar da kowa. Abin da ke cikinsa bai zama tsutsa ba tukuna. Sai ya sami laima da ɗumi da iska na tsawon mako 2 zuwa 4, sa'an nan jinjirin tsutsa ya ginu a ciki, ya naɗe, ya zauna yana jiran wanda zai haɗiye shi. Daga nan kuma ba ya gaggawa. Yana iya yin watanni, har shekara da ɗoriya, a ƙasa mai inuwa da danshi. Magungunan wanke ƙasa da ake sayarwa a kanti ba sa kashe shi. Abin da ke kashe shi shi ne zafi mai tsanani, da bushewa, da hasken rana kai tsaye.

Kyanwa tana ɗaukar tsutsar ta hanya uku. Takan haɗiyi ƙwan da ya nuna yayin da take lasar ƙafafunta. Takan ci ɓera ko tsuntsu ko kyankyaso wanda ya riga ya haɗiyi ƙwan, jinjirin tsutsar yana kwance a cikin namansa. 'Ya'yanta kuma sukan sha shi a cikin nononta. A nan akwai bambanci tsakaninta da karya, domin kwikwiyo tun yana ciki yake kamuwa ta mahaifa, ɗan kyanwa kuwa sai bayan haihuwa. Ko ta wace hanya aka bi, bayan mako 6 zuwa 8 tsutsar ta girma ta fara nata ƙwan. Shi ya sa ƙananan kyanwoyi suka fi kowa zubar da ƙwai, kuma su ne aka fi gani da ƙaton ciki, da ramammen jiki, da gashi a hargitse, da gudawa. Babbar kyanwa kuwa tana iya ɗauke da tsutsar jikinta sumul, ba wata alama. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashe masu yawa, ya ƙiyasta cewa kashi 17 cikin ɗari na kyanwoyin duniya suna ɗauke da ita, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan masu ɗauke da ita.

Mai karatu zai lura da wani abu a nan. Aikin da ake ajiye kyanwa dominsa, wato kamun ɓera, shi ne kuma ke maido mata da tsutsar bayan an ba ta magani. Kyanwar da ke gadin rumbu ko sito ba za ta taɓa rabuwa da tsutsa rabuwa ta dindindin ba.

Baƙon da ya yi ɓatan kai

Idan yaro ya haɗiyi nunannen ƙwai, ɓawon yana narkewa a hanjinsa kamar yadda yake narkewa a hanjin kyanwa. Jinjirin tsutsar, wanda tsawonsa bai kai rabin milimita ba, ya huda bangon hanji ya shiga jini, jinin ya kai shi hanta, daga nan zuwa huhu. A jikin ɗan kyanwa, daga huhu zai hau maƙogwaro a haɗiye shi ya koma hanji ya girma. A jikin mutum kuwa wannan tafiya ba ta kammaluwa. Jikin ba gidansa ba ne, ba ya girma, ba ya komawa hanji, sai ya yi ta yawo a hanta da huhu da tsoka, wani lokaci har ido ko ƙwaƙwalwa, har jiki ya kewaye shi da wani ɗan ƙulli ya tsare shi. A cikin ƙullin yana iya daɗewa da rai.

Wannan yana da sakamako biyu da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe. Mutumin da ya kamu ba ya zubar da ƙwai, saboda haka ba ya sa wa wani. Kuma gwajin bayan gida, wanda shi ne aka saba yi idan ana zargin tsutsar ciki, ba zai nuna kome ba. Likita yana dogara ne ga gwajin jini: yawaitar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, waɗanda ke ƙaruwa idan tsutsa ta ratsa naman jiki, da kuma wani gwaji na musamman mai gano garkuwar da jiki ya haɗa domin yaƙar tsutsar.

Akasarin waɗanda suka haɗiyi ƙwan ba su taɓa sanin sun haɗiya ba. Ƙwai kaɗan ne, jiki ya tsare su, magana ta ƙare. Amma yaro ƙarami mai cin ƙasa, musamman ɗan shekara 1 zuwa 5, yana iya haɗiyar da yawa. Shi ne ake gani da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, da tari mai shesshekar numfashi kamar na asma, da kumburin hanta, da rashin cin abinci. A 1952 ne Paul Beaver da abokan aikinsa a Jami'ar Tulane, a birnin New Orleans na Amurka, suka bayyana wannan ciwo a jikin wasu yara uku, bayan sun ga jinjirin tsutsar a ɗan yankin hanta da aka ɗebo domin gwaji.

Labarin ido ya riga wannan da shekara biyu, kuma ya fi shi ban tausayi. Akwai wata sankara da ke kama tantanin gani na ƙananan yara, wadda alamarta ita ce ƙwayar ido ta yi fari kamar idon kyanwa a hasken fitila. A wancan zamani maganinta shi ne a cire idon domin a ceci ran yaron. A 1950 wata masaniyar cututtukan ido a Washinton, Helenor Campbell Wilder, ta sake duba idanu 46 da aka cire wa marasa lafiya, akasarinsu yara, bisa irin wannan zato, alhali ba a sami sankara a cikinsu ba. A cikin 24 ta ga jinjirin tsutsa ko ragowarsa. A 1956 aka tabbatar cewa Toxocara ce. Jinjiri ɗaya tak ya isa ya haddasa kumburi a bayan ido wanda zai bar tabo a tantanin gani. Yawanci ido ɗaya yake kamawa, kuma ya fi kama yaran da suka ɗan tasa, 'yan firamare zuwa ƙaramar sakandare. Da yake ɗaya idon yana aiki, yaron kan daɗe bai yi ƙorafi ba. Sau da yawa malamin aji ne ko uwa ke fara lura cewa idon ya soma harara-garke, ko yaron yana karkata kai idan zai kalli allo, ko baƙin idon ya yi wani fari. Duk yaron da aka ga haka gare shi, a gaggauta kai shi wurin likitan ido, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ko tsutsa ce ko sankara, jinkiri ba ya amfanar ko ɗaya.

Ciwon ido irin wannan ba kasafai ake samunsa ba, kuma bai kamata a tsorata da shi fiye da kima ba. Haɗuwa da ƙwan kuwa ruwan dare ne. Wani babban nazari na 2019 ya ƙiyasta cewa kashi 19 cikin ɗari na mutanen duniya suna da alamar garkuwar Toxocara a jininsu, a Afirka kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Binciken da aka buga a 2000 a kan mutanen Jos ya sami kusan kashi 30 cikin ɗari. Waɗannan alkaluma ba na marasa lafiya ba ne. Ma'anarsu ita ce waɗannan mutane sun taɓa haɗiyar ƙwan wata rana a rayuwarsu. Gwajin kuma ba ya rarrabe tsutsar kare da ta kyanwa. Shekaru da dama kare aka fi ɗora wa laifi, amma yanzu masana da yawa suna ganin an raina rabon kyanwa a ciki, saboda wata ɗabi'a tata da kowa ya sani.

Yashi da lambu

Kare yana yin kashi a fili, a gani, a kwashe, ko rana ta busar da shi. Kyanwa kuwa tana neman ƙasa mai laushi, ta tona, ta yi, ta rufe. Ana yaba mata da wannan a matsayin tsabta, amma ta fuskar ƙwan tsutsa babu gatan da ya fi wannan: an ɓoye shi daga rana, an sa shi a inda laima take, an kuma ɓoye shi daga idon mai shara. A tsakiyar shekarun 1990 wasu masana a Japan sun kafa kyamara a wuraren wasan yashi na yara a lambunan shaƙatawa, dare da rana, domin su ga wace dabba ce ke ɓata su. Kusan duka kyanwoyi ne, kuma akasari da dare.

A Samaru da Sabon Gari ba a cika gina wa yara wurin wasan yashi ba, amma akwai abin da ya maye gurbinsa. Duk wanda ya ratsa Hayin Dogo ko Palladan ko Hanwa ko Dogarawa zai ga tarin yashin gini da tifa ta juye a ƙofar gida ko a kangon da ba a gama ba. Wani tarin yakan yi wata shida yana jiran a sami kuɗin siminti. Da dare kyanwoyin unguwa ne a kansa, da rana yaran unguwa, suna gina ɗakuna, suna dafa tuwon ƙasa, daga nan a kira su cin abinci. Haka kuma lungun bayan randa, da gindin bishiyar tsakar gida, da kwamin fulawa a harabar makaranta, da duk wata kusurwa mai inuwa da turɓaya.

Yanayin Zariya yana taimakon ƙwan rabin shekara, yana yaƙarsa rabin shekara. Daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da ake samun ruwan sama na kimanin milimita 1,000, ga ɗumi ga laima, ƙwan yana nuna da wuri, ruwa kuma yana wanke shi daga inda aka binne shi ya watsa. Da hunturu da bazara ƙasar fili tana bushewa ƙayau, ƙwai da yawa suna mutuwa. Sai dai akwai inda damina ba ta ƙarewa: cikin tarin yashi mai zurfi, da gefen rijiya da famfo, da kuma lambunan noman rani na fadamun Kubanni da Galma, inda ake ban ruwa kullum.

Daga lambu ƙwan kan bi kayan miya zuwa kasuwa. A 2012 masu bincike daga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa kayan lambun da ake sayarwa a kasuwannin Zariya. Fiye da rabin abin da suka gwada yana ɗauke da ƙwan tsutsa iri-iri, kuma na Toxocara ne ya fi yawa. Ya kamata a karanta wannan sakamako da natsuwa. A ƙarƙashin madubin likita ƙwan tsutsar kare da na kyanwa sun yi kama ƙwarai, kuma ba kowane ƙwai da aka gani ne nunanne ba. Abin da binciken ya nuna a fili shi ne, mutumin da bai taɓa ajiye kyanwa ko kare ba yana iya haɗuwa da ƙwan a cikin kwanon latas da kabeji da karas. Alayyafon da aka dafa ba shi da matsala, domin tafasa tana kashe ƙwan. Abin da ake ci ɗanye shi ke bukatar wanki ganye-ganye, ana murzawa, ana sake ruwa, ko a ƙarƙashin ruwa mai gudu. Jiƙa ganye a ruwan gishiri, kamar yadda aka saba, ba ya kashe wannan ƙwai. Murzawa da ɗauraya su ne ke raba shi da ganyen.

Akwai wata ƙaramar hanya kuma. Kajin gida masu tonon ƙasa suna haɗiyar ƙwan, jinjirin tsutsar ya kwanta a hantarsu. A Japan da Koriya, inda wasu ke cin ɗanyar hantar kaza ko ta saniya, an sami manya da suka kamu ta haka. Hantar da ta dahu ko ta gasu har ciki ba ta da wannan hatsari.

Mai ƙugiya da tsila

Tsutsa mai ƙugiya ta fata take shiga. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa a ƙasa mai yashi da laima, cikin mako guda jinjirin ya isa ya huda fatar duk wanda ya taka ko ya zauna. A jikin mutum wani nau'inta, Ancylostoma braziliense, ba ya iya wuce fata, sai ya yi ta rarrafe a ƙarƙashinta yana barin wani jan layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji, mai ƙaiƙayin da ke hana barci, yana matsawa kaɗan-kaɗan kowace rana. An fi ganinsa a ƙafa da ɗuwawu da hannu, a jikin yara da magina da masu aikin famfo. Yakan mutu da kansa bayan makonni, amma magani yana gaggauta warkewa, kuma yana hana susa ta zama gyambo. Takalmi da tabarmar zama sun isa riga-kafi. Ga 'ya'yan kyanwa kuwa wannan tsutsa ba abin wasa ba ce, domin takan shanye musu jini har dasashinsu ya yi fari.

Tsilar da ake kira Dipylidium caninum ta ƙuma take bi. Ɗan ƙuma yana cin ƙwanta a inda kyanwa ke kwana, ƙumar ta girma da jinjirin tsila a cikinta, kyanwa ta haɗiye ta wajen lasar jiki. Mutum ba ya kamuwa sai shi ma ya haɗiyi ƙumar, abin da kan faru jefi-jefi ga jinjiri mai rarrafe. Ciwon mai sauƙi ne, magani sau ɗaya ya isa. Amma ba wa kyanwa maganin tsila ba tare da an yaƙi ƙuma ba aikin banza ne, cikin 'yan makonni za ta dawo. Ɗaya tsilar, Taenia taeniaeformis, ta ɓera take bi, kuma kusan ba ta da ruwa da mutum.

Laifin da ba na kyanwa ba

Sau da yawa idan yaro ya fitar da tsutsa a bayan gida sai a juya a kan kyanwar gidan, har a kore ta. Wannan kuskure ne. Macijin ciki da yara ke fitarwa, Ascaris lumbricoides, mai tsawon da kan kai santimita 35, daga bayan gidan mutum yake zuwa cikin mutum. 'Yan ƙananan fararen tsutsotsi masu sa ƙaiƙayin dubura da dare su ma na mutane ne zalla, kyanwa ba ta ɗauke da su. Kamar yadda aka bayyana, Toxocara ba ta girma a hanjin ɗan'adam. Saboda haka doguwar tsutsar da aka gani a fo ɗin yaro shaida ce a kan masai da ruwan sha da wankin hannu na gidan. Haka nan ƙullin ruwa da mahauta ke gani a hanta da huhun raƙuma da tumaki, wanda shi ma kan kama mutum, daga tsilar kare yake.

Akwai kuma wata cuta da ake yawan haɗawa da wannan magana, alhali ba tsutsa ba ce. Toxoplasma gondii halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya, 'yar dangin ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. An gano ta a 1908, amma sai a wajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa da danginta kaɗai take kammala rayuwarta. Hatsarinta yana kan mace mai ciki wadda ta kamu karo na farko, domin tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, da kuma masu raunin garkuwar jiki. Ita ma tana da tata tazarar, amma gajeriya ce: kwana 1 zuwa 5 bayan fitar kashi. Don haka mai ciki ta bar wa wani aikin kwashe kashin kyanwa, ta kuma guji naman da bai dahu ba.

Abin da za a iya yi

Tazarar nan ta makonni ita ce babbar dama. Kashin da aka kwashe a ranar da aka yi shi, aka zuba a masai ko aka binne da zurfi nesa da lambu da wurin wasa, an raba shi da damar cutarwa. Gidan da ke da kyanwa yana iya ware mata tsohon daro da yashi a wani lungu. Kyanwa tana saurin sabawa da irin wannan wuri. A riƙa kwashewa kullum da cokalin shara, a wanke daron da tafasasshen ruwa lokaci-lokaci, a wanke hannu da sabulu. Tarin yashin gini a rufe shi da leda ko tsohon kwano ko buhu, musamman da dare. A Japan an gwada rufe wuraren wasan yashi da leda, an kuma ga amfaninsa. Yashin da ake zargi an riga an ɓata shi a yi gini da shi, kada a bar wa yara. A yanke wa yara farce, su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Yaron da ya cika cin ƙasa a kai shi asibiti, domin sau da yawa ƙarancin jini ke haddasa wannan kwaɗayi.

Ita kanta kyanwar tana bukatar magani. Likitocin dabbobi sukan fara ba ɗan kyanwa maganin tsutsa yana da mako 3, a maimaita kowane mako 2 har bayan yaye, sa'an nan wata-wata har ya kai wata 6, uwar ma a ba ta tare da su. Babbar kyanwa mai fita farauta, a ƙalla sau 4 a shekara. Firantel da fenbendazol suna kashe mulmulallun tsutsotsi, tsila kuwa sai firazikwantel. Maganin wannan ba lalle ya yi aiki a kan waccan ba, kuma ana auna shi ne da nauyin dabbar. Mazauna Samaru da Sabon Gari sun yi dace, domin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin harabar Samaru, kuma Tsangayar da ke riƙe da shi tana horar da likitocin dabbobi tun tsakiyar shekarun 1960.

A yi hattara da yi wa kyanwa magani da ka. Hantarta ba ta iya sarrafa wasu magunguna da mutum da kare ke sarrafawa cikin sauƙi. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin ƙwari, da kuma maganin kaska na karnuka mai sinadarin fametirin, duk guba ne gare ta. Ga mutum kuma, ƙwayar albendazol ɗaya da ake rabawa a makarantu domin macijin ciki ba ita ce maganin Toxocara ba. Wannan sai likita ya tsara shi na kwanaki, idan kuma ido ne akan haɗa da maganin rage kumburi.

Korar kyanwar gida ba ta magance kome. Muzuran unguwa za su ci gaba da ziyartar yashin da dare, ɓeraye kuma su sami sake a ɗakin ajiya, a ƙasar da zazzaɓin Lassa, wanda wani nau'in ɓera ke yaɗawa, yake sake ɓulla kowane rani. Kyanwar da ake ba magani, take da wurin kashinta, ta fi wadda ba ta da mai ita aminci nesa ba kusa ba.

Aikin aji

Malamin nazarin halittu yana iya sa ɗalibai su zana taswirar harabar makaranta ko layin gidansu, su sa alama a duk wurin da ke da yashi ko turɓaya, su rubuta ko yana samun rana ko inuwa, ko yana da laima, ko an ga sawun kyanwa ko alamar tono da safe, ko ƙananan yara suna wasa a wurin. Ba sai sun taɓa ƙasar ba. Idan aka maimaita aikin a Agusta da kuma Fabrairu, ɗalibai za su iya tattauna waɗanne wurare ne ke riƙe ƙwai duk shekara.

Inda makaranta ke da madubin likita, malami yana iya nuna dabarar da ake amfani da ita a ɗakin gwaji, wadda ta dogara ga darasin nauyin ruwa. A narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, wato kimanin giram 360 a lita 1. Wannan ruwa ya fi ruwan sha nauyi da kusan kashi 20 cikin ɗari, ƙwan tsutsa kuwa ya fi ruwan sha nauyi amma bai kai ruwan gishirin ba. A wanke latas ɗin kasuwa a bokiti, a bar ruwan ya kwana, a tsiyaye na sama a hankali. Malami, da safar hannu, ya gauraya laka-lakan da ya kwanta da ruwan gishirin a cikin kwalbar gwaji, ya cika ta har baki, ya ɗora siririn gilashin rufi a kai, a jira minti 15 zuwa 20. Yashi zai nutse, ƙwai zai taso ya manne wa gilashin. A ɗaga gilashin a tsaye, a ɗora a kan gilashin gwaji, a fara dubawa da ƙaramin tabarau. Ƙwan Toxocara kusan kewayayye ne, ruwan ƙasa-ƙasa, mai kaurin ɓawo, cikinsa a cike da duhu. Kumfar iska takan ruɗi sabon mai dubawa, amma ita bakinta baƙi ne wuluk, tsakiyarta kuma fayau. Bayan an gama, a zuba kwalabe da gilasan a tafasasshen ruwa kafin a wanke su.